Ɗakin da Ban Gina wa Baffa Ba

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a taimake ni da shawara kafin a fara zagina, don ni ma na zagi kaina har na gaji.

Babanmu yana aiki a Kumasi, ya kusa ritaya, sai ya damƙa min kula da ginin gidansa a unguwar Gurugu, nan garinmu, tunda ni ce babba. Abin da yake so ba shi da yawa: gidan ƙasa ba bene ba saboda gwiwarsa, tsakar gida mai faɗi, da ɗaki a bakin ƙofa na yayansa, Baffa, makaho ne da ke zaune a gidan gado a unguwar Moshi Zongo. Ni kuwa na san abin da ɗakin nan zai jawo. Abinci, wanki, masu zuwa gaisuwa tun safe, duk a kan mamata za su sauka, matar da ta ƙare ƙuruciyarta tana yi wa dangin miji girki. Yaushe ita za ta yi tata ritayar? Sai na sa magini ya yi irin na yayi, falo babba, bayi a cikin ɗaki ba sai an tsuguna ba, inda ɗakin Baffa zai zauna kuma aka yi gareji. Babanmu ko keke ba shi da shi! Hoton gaban gida kawai nake tura masa.

To, satin da ya wuce Baffa ya sa aka kawo shi, ya ce min, "Ɗiyata, kai ni in taɓa ɗakina." Na riƙe hannunsa na shigar da shi garejin. Ya bi bango yana shafawa, ya ce, "Kai, babba ne paa, babba sosai! Taga fa, tana ina?" Na ce ba a fasa ba tukuna. Ya ɗaga hannu ya yi ta sa min albarka, ni ina tsaye kamar ɓarauniya. A hanyar fita ya gaya min har ya bai wa jikansa mai shirin aure ɗakinsa na Zongo.

Tun ranar ba na iya zama wuri ɗaya. Mama ba ta san komai ba, Baba yana tafe ƙarshen wata, kuma Baffa ya ɗaure kayansa. In fasa taga in yi shiru, in bar dattijo ya kwana inda aka yi wa mota, ko in kira Baba yau? Jama'a, me zan yi?