Gidan Da Saude Ta Bari

Kazaure, ranar Lahadi.

Zuwa ga Abban Zulaikha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya. Ya kasuwar kifi, ya sauron Baga? Mu nan lafiya lau. 'Yarka ta fara haƙori, ta hana kowa sakat. Tunda waya ta ƙi shiga wajenku, na ba direban motarku wannan takarda.

Mai gidan da muke haya ya sake aikowa. Ɗansa zai yi aure, yana son mu tashi kafin ƙarshen shekara. Shi ya sa na bi shawararka, kullum in na taso daga makaranta sai in hau intanet ina duba gidajen da banki ya ƙwace zai yi gwanjonsu. Yawancinsu na Kano ne da Dutse, wasu kuma aikin 'yan damfara ne, don na ga hoton gida ɗaya an ce yana garuruwa uku.

Shekaranjiya dai na ga wani a nan Kazaure, bayan kasuwa. Ɗaki uku, da rijiya, da bishiyar lemun tsami, kuma bai fi ƙarfin abin da muka tara ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai: a gefen hoton akwai igiyar shanya, da kayan makarantar yara a kai. Gobe Yaya Halliru zai raka ni mu gani da ido.

Allah ya tsare mana kai.

Matarka,
Sa'adiyya.

Kazaure, ranar Laraba.

Abban Zulaikha,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan zazzaɓin da direba ya ce ka yi ya sake ka. Don Allah ka riƙa shiga gidan sauro.

Mun je. Ashe da mutane a ciki. Gidan wani Mamuda ne, mai fataucin hatsi a Babura. Ya jinginar da shi ya karɓi bashi, ya sayi masara zai kai Nijar, sai aka rufe iyaka. Motoci suka tsaya, ruwa ya sauka a kan kayan, komai ya ruɓe. Yana hango mu tare da wakilin banki ya saɓa babbar rigarsa ya fice, ko ido ba mu haɗa ba.

Matarsa, Saude, ita ta karɓe mu. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Tabarma ta shimfiɗa, ta kawo ruwa, sannan ta zaga da ni ɗaki-ɗaki. Ta nuna mini inda kwano ke yoyo, ta ce rijiyar tana ja baya da bazara, kada a ruɗe ni. Yaranta suna tsaye jikin bango suna kallon takalmina.

Na ba ta haƙuri, na ce ban san da kowa a ciki ba, ba zan ƙara dawowa ba. Sai ta riƙe gefen hijabina. Ta ce duk waɗanda suka zo, gaban gidan suke aunawa, shaguna za su fasa, wani ma a gabanta ya ce rushewa zai yi. Ta ce, "Ke ce ta fari da ta tambaye ni ina madafa. In dai sai an sayar, gara ke, ƙanwata."

Ba zan ɓoye maka ba, gidan ya kwanta mini. Har na ga inda zan sa gadonmu. Kuma wannan ne ke ba ni kunya, ina tsara ɗaki mai ɗakin tana tsaye kusa da ni. Yaya Halliru ya ce ko mun janye ba za a fasa gwanjo ba, sai dai wani ya saya. Na san gaskiya ya faɗa, amma na kasa cin abinci ranar.

Ka yi istihara ka aiko mini da abin da ka gani. Duk wanda ka zaɓa na bi.

Taka,
Sa'adiyya.

Kazaure, ranar Asabar.

Abban Zulaikha,

Assalamu alaikum. Da fatan kai da abokan sana'a kuna lafiya. Ka yafe mini shirun da na yi, hidima ce ta yi yawa.

An gama komai. Lauya ya duba takardu, gida ya zama namu. Na isar da saƙonka cewa su zauna har yara su gama zangon karatu. Da na faɗa wa Saude sai ta juya tana gyara murhu, ta daɗe ba ta waigo ba.

Da yaran suka gama jarrabawa, ranar Alhamis ɗin nan suka tashi zuwa Roni, wajen yayanta. Malam Mamuda da kansa ya kawo makullai. Wannan karon ya tsaya, ya gaisa da Yaya Halliru hannu da hannu. Ya ce bayan an cire bashin an ba shi ɗan abin da ya saura, zai kama awo a kasuwar ƙauye. Ya ce in gaya maka ba ya riƙe da kowa a zuciya, kuma yana roƙon ka riƙe masa maƙwabtansa da kyau. Saude kuwa sai da ta share gidan tas, ta wanke har makewayi, kafin ta hau mota.

Mun kwana biyu a ciki yanzu. Zulaikha ta sake, tana ta rarrafe a tsakar gida. Ni ce dai har yau in na dawo daga aiki sai in tsaya a soro in yi sallama, in saurara. Jiya maƙwabciyarmu Shatu ta ji ni ta kan katanga. Ta amsa, sannan ta ce, "Malama, shiga mana. Wa kike jira?"

Na shiga. Amma ka yi ƙoƙari ka zo kafin azumi, ko na samu mai amsa mini daga ciki.

Ina gaida kowa da kowa. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka mai kewarka,
Sa'adiyya.