Lamba goma sha huɗu

Silverton, Oregon
11 ga Mayu

Zuwa ga ƙanwata Wilma,

Gaisuwa mai yawa. Yaya gwiwar taki, yaya maigidanki Harlan da jikoki? Ina fata kuna lafiya.

Kin tambaya ko ina cin abinci. Ina ci. Ina kwana, ina tashi, ina zuwa ganin maigidana Orval Talata da Asabar a gidan kula da masu ciwon mantuwa. Ya yi ƙiba. Ma'aikatan suna yabon ladabinsa.

Furannin airis sun fara buɗewa a bayan gida. Layin ƙarshe su ne waɗanda Orval ya aurar, wato ya haɗa irinsu, shekara biyu da suka wuce, bana ne furensu na fari. Na ɗauko littafinsa don in san kowanne ɗan wa ne. Kin san tsarinsa: lamba, sunan uwa, sunan uban da aka ɗebo garin furensa, kwanan wata. Shekara talatin da ɗaya ba kuskure ko ɗaya.

Shafin ƙarshe daban yake. Aure shida, iyaye daban-daban, duka ya ba su lamba goma sha huɗu. Ni ce na riƙe masa alamun yana ɗaurawa a wannan bazarar, Wilma, ban lura da komai ba. Na daɗe ina kallon shafin, sannan na tashi na wanke kwanoni.

Yayarki,
Verna

27 ga Mayu

Wilma ƙanwata,

Bayan gaisuwa da fatan kina samun sauƙi, na gode da katin.

Ɗaya daga cikin layin nan ta buɗe ranar Laraba. Ja ce mai duhu, ba ruwan ƙasa-ƙasan da ke ɓata masa rai kullum. Kusan abin da ya yi ta nema tun kafin a haifi 'yarmu Joanne. Maƙwabcinmu Delbert, shi ma mai shuka airis, ya tsallako shinge, ya tsuguna gabanta har ƙafarsa ta sage. Ya ce, "Verna, tsohon nan ya kashe mu! Ki yi mata rajista a ƙungiyar masu airis." Ya kawo min takardar. Tana neman sunan uwa da na uba. Alamar da ke gindinta kuwa goma sha huɗu ce.

Ranar Asabar na yanka kara ɗaya na kai wa Orval a kwalba. Ya gaishe ni kamar baƙuwa, ya ce, "Sannu da zuwa, baiwar Allah." Amma da ya ga furen sai ya karɓe shi daga hannuna. Ya juya shi ta wajen taga, ya ɗaga ganyen da babban yatsa yana leƙen ciki.

Ya ce, "Wace ce uwarta?"

Na ce ban sani ba.

"Uban fa?"

Na ce ba a rubuta daidai ba.

Ya ɓata fuska. "Wane sakarai ne zai samu irin wannan bai rubuta ba?"

Na ce maigidana ne.

Ya miƙo min kwalbar. "Yana da hannu, wannan kam. Amma ki gaya masa ya gyara."

Na ce zan gaya masa.

Na tsaya a hanya na sayi burodi da madara. Takardar Delbert na cike ta a teburin kicin. Wajen iyaye na sa "ba a sani ba", wajen wanda ya samar da ita na sa Orval Stutzman. Na jira ko kuka zai zo, bai zo ba, sai na liƙa kan sarki.

A watan Yuli za a raba saiwar. Ki faɗa min ko akwai wuri mai rana a gefen garejinku.

Ki gaida Harlan.

Yayarki,
Verna