Shafin da Na Yanke

Hoima, Alhamis.
Aikin farko na yau: share gindin mangwaro, jera kujeru bakwai. Shida kawai aka zauna a kai.

Zuwa ga yayata Kabahuma,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigida da yara a can Mombasa. Mu nan lafiya lau. Gwiwar Mama ta yi sauƙi, har ta koma gonar ayaba tana faɗa da kowa.

Yaya, na yi kuskure a wurin aikin sa-kai da nake yi a sansanin 'yan gudun hijira, inda muke zama da waɗanda aka azabtar muna sauraronsu. Akwai wata yarinya 'yar shekara sha shida, zan kira ta Masika, mahaifinta kuma Baba Paluku, don yanzu hannuna ba ya yarda ya rubuta sunayensu na gaskiya. Daga Kwango suka tsallako tafki. Kafin su gudo, masu bindiga sun tsare su kwana goma sha ɗaya, kuma har yau yatsun hannun uban na dama ba sa lanƙwasuwa. Wata uku Masika tana zuwa gindin mangwaron da muke zama ba ta cewa uffan, sai dai mu ɓare wake tare. Ran Talatar makon jiya ta buɗe baki, ta ba ni labarin akuyarta da ta bari ɗaure a gida.

Kin san halina da littafi. Mama Riziki, tsohuwar da ke yi mana tafinta, kullum tsokanata take wai ni ce sakatariyar mala'iku, ko atishawa aka yi sai na sa rana da lokaci. Don murna na ciro littafina mai shuɗin bango, na tambayi yarinyar sunan ƙauyensu da na kawunta, ina rubutawa. Sai ga mahaifinta ya zo ɗaukarta. Ya cire hula, ya mai da hannuwansa baya, ya tambaye ni cikin ladabi ina ake kai littafin. Ni kuwa har da alfahari na ce ofis, a kulle cikin kabad. Ya yi godiya sau uku, ya ja 'yarsa suka tafi. Ba su sake dawowa ba.

Jiya Mama Riziki ta zaunar da ni, ta ce da ƙaton kaina da karatun sakandarena ban ga mutumin yana rawar jiki ba? A inda aka tsare su, wani ne ke zama a tebur da littafi irin nawa sak. Duk sunan da duka ya fitar daga bakin mutum sai a rubuta, a je a ɗauko mai shi. Sunan wannan kawun ne ya fita daga bakin Baba Paluku a kwana na tara. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Ta ce Baba Paluku ya riga ya yi magana da mai kwalekwale, ran Asabar zai mayar da iyalinsa can inda suka gudo, ga iskar damina a kan tafki.

Shugabarmu ta ce doka ce, ba a cire komai daga littafin aiki. Na san tana da hujja. Amma yau da rana na sa reza na yanke shafin, ni da tun aji ɗaya ban taɓa yage takarda ba. Gobe zan kai masa ya ƙona a murhunsa da hannunsa. Wataƙila a sallame ni. Wataƙila ma ya ɗauka na kwafe shi a wani wuri, kuma ban san da me zan rantse masa ya yarda ba. Na san kafin amsarki ta zo Asabar ta wuce. Addu'arki kawai nake nema.

Ki gaishe da maigida, da Atuhura da ƙaramin Byaruhanga. Mama ta ce a tuna miki da man zafin da kika yi mata alkawari.

Taki ƙanwa,
Nyamaizi

Na gobe, Juma'a:
1. Biya wa Mama Riziki tun da safe, mu tafi tare.
2. Kai shafin. In bai buɗe ƙofa ba, in zauna a waje in jira.
3. Faɗa wa shugaba da bakina, kafin ta ji a wani wuri.
4. Sayen wake mai ɓawo, kwano ɗaya.
5. Barin littafi da biro a gida.
6. Kujeru: bakwai.