Ashe Feda Ce Ke Cin Ƙafata

Daren Litinin, daminar 1984

Shekara biyu tafin ƙafata yana zogi duk ranar da na tuƙa keke daga Bakori zuwa Funtua. Ni kuwa na ɗora wa Yaya Sale, na ce sammu ya yi mini saboda rikicinmu na gonar gado. Ko gaishe shi na daina.

Yau sarƙar keken ta tsinke, na kai wa Malam Audu mai gyaran keke. Ya dubi fedar, ya dubi silifas ɗina, ya ce, "Malam Isa, a haka kake takawa? Ai robar fedar ta cinye, ƙarfe tsirara ne ke cin ƙafarka!"

Ya sa mini sabuwar feda mai faɗi, ya ce in sayi takalmi sau-ciki mai taurin ƙasa. Na saya.

Na tako har gida, ko alamar ciwo babu. Innalillahi! A zaure na zauna ina matsa ƙafar, wai ko za ta yi zogi in sami hujja. Shiru.

Gobe da sassafe sai gidan Yaya. Wallahi ban san da wane baki zan yi masa sallama ba.