Ba Ni Zan Kai wa Odessa Takardar Tashi Ba

Toledo, Ohio
9 ga Nuwamba

Zuwa ga 'yata Kendra,

Kawunki na gaishe ki gaisuwar wanda ya daɗe bai ga nasa ba, da addu'ar Ubangiji ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Terrence da yara. Mu nan muna yadda kika bar mu, sai ƙarin tsufa. Gwiwata ta hagu ta juya min baya. Likita ya ce aiki za a yi mata, na ce a bar min abata mu ƙarasa tare. Bernice, ƙanwar mahaifiyarki, ta fito daga asibiti, har ta soma faɗa da maƙwabta, ka ji alamar sauƙi. Sanyi kuwa ya shigo da wuri bana.

Saƙonki ya iso. Kin ce kun ga gida mai hawa biyu a intanet, a tsohuwar unguwarmu, za ku saya da abin da marigayiya mahaifiyarki ta bar miki, ku zuba 'yan haya. Kin roƙe ni in je in duba, idan ciniki ya faɗa kuma in kai wa matar da ke ƙasa takardar tashi ta kwana talatin, don a yi gyara a ƙara kuɗin haya. Terrence ya ce min a waya lissafi ya fita tas, wai a wani kwas na harkar gidaje da ya biya aka koya musu yadda mutum zai miƙe ƙafa kuɗi na shigowa. Na tambaye shi ko malamin nasu ya taɓa rarrafe a ƙarƙashin gida cikin Janairu da tocila a baki. Ya yi dariya, wai Kawu dai ba ya canzawa.

Na je ranar Talata. Sunan matar Odessa Pruitt, shekararta saba'in da takwas, talatin da ɗaya daga ciki a gidan ta yi su. Ta buɗe ƙofa ta dube ni sama da ƙasa, ta ce in dai ina cikin masu zuwa ɗaukar hoto da waya, to in goge ƙafata, yanzu ta gama wanke daɓe. Sai ta ƙura min ido, wai ba ni ne malamin lissafin nan da ya kayar mata da ɗa a jarrabawa har sau biyu ba? Na ce ni ne. Ta ce to ga shi alhakin yaro ya sauka a gwiwa. Duk da haka ta ba ni kofi, sannan ta ja ni ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Injin ɗumama gidan ya girmi mijinki. Bututun ruwan da ya bi bangon arewa ta naɗe shi da tsofaffin barguna. Idan sanyi ya tsananta takan bar famfo na ɗiga, ta buɗe kabad ɗin ƙarƙashinsa don ɗumi ya shiga. Saman ba kowa tun bazara, ita ke hawa da makulli tana dubawa. Mai gidan yana Florida, shekara shida rabonsa da unguwar. Da zan tafi ta ce ta san korarta za a yi, ita ba yarinya ba ce, roƙonta ɗaya in tambayi masu sayen ko za su bar ta ta kai bikin Ista, bayan sanyi ya wuce, don layin neman ɗaki a gidan tsofaffi ya yi tsawo. Na kasa gaya mata mai sayen 'yata ce.

Akwai abin da ba a faɗa miki ba don kina ƙarama. A 1994, ni mai digiri na biyu a tattalin arziki, na kwashi kuɗin fanshona na sayi gida irin wannan. Na tashi wani tsoho da ke haya a ciki, Dombrowski, a cikin Disamba. Da yake miƙo min makulli ya ce, malam, kome za ka yi kada ka kashe ɗumi. Na ce a raina me leburan kamfanin gilashi ya sani. Gida ba kowa, a kan me zan riƙa ƙona gas? Na kashe, muka tafi Kirsimeti. Bututu ya daskare ya fashe, ruwa ya yi kwana tara yana zuba. Na tarar da silin a ƙasa, matakala ta zama ƙanƙara. Masu inshora suka ce ba ruwansu da gidan da aka bari babu ɗumi. Dombrowski bai ga bazara ba, ya rasu a falon 'yarsa. Matata Loretta har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa goranta min ba, ni kuwa da ma ta yi. Abin da ya sa kika san kawunki a ɗakin haya a saman shagon wanki ke nan.

Ba na ce kada ku saya ba, na gaji da ba mutane shawarar da ba za su ɗauka ba. In kun saya, ku gyara saman ku sa haya, ku bar Odessa a inda take, don ita ke riƙe da gidan nan, kuma ba ta cikin lissafin Terrence. In kuwa kun dage sai ta tashi, ba da hannuna ba. Ki hau jirgi ki zo ki miƙa mata da kanki. Zan ɗauko ki a filin jirgi, in kai ki har ƙofar, amma a mota zan jira.

Ki gaishe min da Terrence, ki shafa min kan Imani da ƙaninta Desmond. Bernice na gaishe ku, ta ce hotunan da kika yi alkawari har yanzu shiru.

Kawunki da ya gaji, amma bai daina ƙaunarki ba,
Ambrose Tillery