Buhun da Duna Ya Yayyaga

Zuwa ga mahaifiyata, Inna, a makwancinki na Kebbe.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa, da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima. Ni ne ɗan farinki, wanda ba ki taɓa kama sunansa ba, sai dai ki ce "wancan na kasuwa". Na rubuto ne a kan maganar Duna. Na san za ki yi mamakin dattijo mai furfura ya ɗauki alƙalami saboda kare. To, saboda shi ɗin ne.

Kin tuna shekarun da aka yanke mana Jihar Sakkwato, lokacin da kowa ke ganin arziki ba zai ƙare ba. Ina saro dawa a Kebbe in kai Tambuwal, na sayi sabon babur, na ɗaura agogo. Sai na ga abin da ya rage mini shi ne kare mai ban tsoro da zai tsare kayana a zaure. Na karɓo baƙin kwikwiyo wurin wani Bafillace, na dire miki shi, na koma yawona.

Haƙoransa kamar allura. Ya ci igiyar guga, ya ci bakin tabarma, ya ci takalmin baƙo. Ba ki taɓa ɗaga masa kara ba. In ya kama miki yatsa, sai ki ce "A'a" sau ɗaya, ki janye hannu, ki juya masa baya ki ci gaba da kaɗin audugarki kamar ba shi a duniya. Ya zagayo gabanki, ki sake juyawa. Sai ya gaji ya kwanta ya yi shiru, sannan ki miƙa masa guntun ƙirgi da kika jiƙa ya tauna, ki tashi ki wanke hannu. Kikan ce, "Ba mugunta ba ce, haƙora ka yi mai ƙaiƙayi."

Cikin 'yan makonni ya daina cizo. Har 'yan awaki suka daina gudunsa.

Ni kuwa abin ya ƙona mini rai. Zaki na so, kika mayar mini da shi ɗan tunkiya. Duk ranar da na dawo daga kasuwa kina ɗaki kina sallar la'asar, sai in ja shi bayan rumbu, in naɗe hannuna da tsohon buhu, ina kaɗa masa ina cewa "Kama! Kama shi!" In ya cafka ya ƙi saki, in ba shi guntun tsire. Daga nan in cusa buhun ƙarƙashin rumbu, in zo in durƙusa in gaishe ki da ladabi.

Sai ranar Goggo Hawwa, ƙawarki tun kuna 'yan mata, wadda kullum da hantsi take shigowa ku yi kaɗi tare. Iska ta kaɗa gefen zanenta, Duna ya ɗauka buhun nan ne. Ya kama ta a ƙwauri ya ƙi saki, yadda na koya masa. Tsohuwa a ƙasa, ga jini, kallabi ya faɗi, ga mazan unguwa sun cika gida suna kallonta.

A gaban mai unguwa, bakin nan nawa da nike sayar da tsohuwar dawa a matsayin sabuwa da shi ya yi aikinsa. Na ce ni ba mazauni ba ne, tsohuwa ce ta sangarta shi, har hannu take sa masa a baki. Aka aiko a ji naki. Daga bayan zana kika ce, "Yadda ya faɗa, haka ne."

Aka bai wa mafarauta Duna. Goggo ta warke da ɗingishi, ba ta sake taka gidanmu ba. Ta ce wadda ta goya kare har ya kunyata ta ba ƙawa ba ce. Kika koma kaɗi ke kaɗai.

Ba ki yi mini faɗa ba, Inna. In na shigo gaisuwa, ki amsa, ki juya baya. Na kawo miki atamfa daga Sakkwato, na zagayo gabanki da ita, kika sa albarka, kika sake juyawa. Na ce a raina rigimar tsufa ce.

Bayan rasuwarki aka buɗe adudunki. A can ƙasa, ƙarƙashin zannuwa, ga buhun nan, wankakke, a ninke, duk hujin haƙora. Na ce wa matan da suka buɗe adudun tsumma ne, na karɓa wai zan zubar. Yana nan a ɗakina.

Makon jiya jikana ya kawo kwikwiyo don gona. Na miƙa hannu, ya kama mini yatsa. Ban san lokacin da na ce "A'a" ba, na janye, na juya masa baya. Ina juyawa na gane abin da kika yi mini. Jira kike in gaji da zagaye, in zauna in faɗi gaskiya. Duna ya gane cikin makonni. Ni na haura shekara arba'in.

Jiya na sa aka kai ni Jabo wurin autar Goggo, na faɗa mata komai, a gaban 'ya'yanta. Ta dube ni ta ce, "Da ka faɗa tun suna raye." Na sunkuyar da kai na nemo takalmina.

Ki yafe mini, Innata. Na raba ki da ƙawarki don in tsira da sunana.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki. Allah Ya jiƙan Goggo Hawwa, Ya zaunar da ku inuwa ɗaya a Aljanna. Ni kuma Allah Ya sa ranar da zan iso, in yi sallama ki juyo ki dube ni.

Wassalam.

Ɗanki,
Wancan na kasuwa.