Kwallin Ranar Juma'a

Zuwa ga Halimatussa'adiya, ruwan farko a kan busasshiyar gonata, inuwar mangwaron da nake hutawa, ƙwayar idona ta dama da ta hagu. Ina yi miki sallama irin ta mai laifi, wanda ke tsaye a bakin ƙofa bai san ko za a ce ya shigo ba.

Yau kwana tara kin toshe lambata, shi ya sa na koma ga takarda. Kwana tara, Sadiya! Mahaifinki ya aiko wa baffannina cewa kada su wahalar da kansu zuwa unguwarku ta Albarika neman aurenki. Goron da za su kai ni na zaɓe shi ɗaya-ɗaya daga kayan rumfarmu, fari tas, na naɗe shi a ganye. Har yau ina yayyafa masa ruwa kowace safiya kamar wanda ya taɓu, na kasa barin a sayar.

Kin tuna ranar da na shigo shagon gilashin ido da kike aiki a Parakou, da tabarau mai kaurin gindin kwalba a hancina? Ke kika ce in gwada lantiy, ɗan gilashin nan mai laushi da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido. Kika sa na wanke hannu da sabulu, na tsane shi. Kika nuna mini a idonki: a ɗora shi a kan manuniya, a duba ya zauna kamar ɗan ƙoƙo bai kife ba, a ja fatar ƙasa, a kalli sama, kullum a fara da dama. Ni kuwa ƙaton banza, mai ɗaukar huhun goro a ka, sau goma sha ɗaya ina ƙiftawa yana faɗowa! Kika rufe baki da mayafi kina dariya, kika ce in daina tsoron yatsana, ba kunama ba ce. Da ya shiga, wallahi abin da na fara gani tar a duniya wushiryarki ce, da ɗan tabon nan na girarki ta hagu. Wa zai fara gani da wannan fuska, ya koma gida da zuciyarsa?

Kin koya mini cirewa da tsokar yatsa ba da farce ba. Kin hana ni ruwan famfo, kin hana ni kwana da shi. Kika ɗiga jan farce a murfin dama na ɗan akwatin ajiye su don kada in rikita su. Kuma kin ja mini kunne har sau biyu: lantiy tukuna, kwalli daga baya.

Nan na kasa, ya sanyin raina. Ranar Juma'ar da za ki kawo Gwaggo Azumi garinmu Djougou ta gan ni, zumuɗi ya kwashe mini hankali. Mazan gidanmu ba sa zuwa masallaci ba kwalli, ni kuma ina so in burge gwaggonki, sai na rambaɗa shi, sannan na ɗora lantiy a kai. Wayyo Allah! Kamar an watsa mini barkono. Na cire, na wanke da ruwansa, idon ya yi jajir ya ƙi karɓa. Tabarau na cikin aljihuna, ba zan ɓoye miki ba. Girman kai ne ya hana ni sa shi, don kada gwaggo ta ce ɗiyarta ta kwaso makaho.

Haka na sauko daga masallaci na ratsa kasuwa, mutane sun zame mini launi kawai. Ashe kina wajen masu doya, taku goma tsakaninmu! Kin ɗaga hannu, kunya ta hana ki kiran sunan saurayi a gaban gwaggonki. Na juyo, na sauke idona a kanki, na kau da kai na wuce. Sai daga saƙonki na ƙarshe na san haka, domin ranar ina zaune a rumfa ina jiranku har la'asar, ku kuwa kun kama hanyar Parakou. Gwaggo ta gaya wa mahaifinki na raina ku, ba ta yi ƙarya ba, abin da ta gani ta faɗa. Amma ke, Sadiya? Ke da kika auna idanun nan, kika rubuta lambarsu da hannunki? Ke ma kin yarda zan gan ki in wuce? Wannan ne ke kashe ni.

Ranar Alhamis zan shiga motar farko. Zan tsaya tsallaken shagonku da mummunan tabarau ɗin nan a fuskata, ba kwalli, kowa ya yi dariyarsa. Ba zan kira sunanki ba, hannu kawai zan ɗaga. In kin tsaya, ki kai ni gaban gwaggo ta leƙa gilashin da kanta. In kin wuce, ba zan sami uzurin da zan ba ki ba, domin ke idonki lafiya lau.

Ko kin tsaya ko kin wuce, ba wata da za ta ci goron nan.

Naki har a rufe idanun,
Sharfaddeen